Sadakar da ake yi a sama: matuƙan da ke kai marasa lafiya asibiti kyauta

A Amurka akwai filayen jiragen sama wajen 5,000 da aka buɗe wa jama'a, amma waɗanda jiragen fasinja na kamfanoni ke sauka a cikinsu ba su wuce 500 da 'yan kai ba. Sauran ƙanana ne, wani ma titi ɗaya ne tal a bayan gari, da rumfar ajiye jirage da famfon mai. A irin waɗannan filaye ne ake samun ɗan kasuwa, ko injiniya, ko tsohon soja mai cin fansho, ya yi sammako yana zagaya ƙaramin jirginsa mai kujera huɗu ko shida, yana duba mai, yana leƙa ƙarƙashin fiffike, yana jiran baƙon da bai taɓa gani ba. Baƙon nan mara lafiya ne, yawanci mai ciwon daji, ko yaro mai ƙuna, ko wanda aka yi wa dashen ƙoda, kuma likitansa yana wani birni mai nisan ɗaruruwan kilomita. Matuƙin zai kai shi, ya zuba mai da kuɗinsa, ya biya kuɗin sauka, ya koma gida bai karɓi ko sisi ba. Alheri ne na gaske, kuma ya cancanci a kare shi daga masu cewa a daina. Sai dai kare shi yana da sharaɗi: a riƙa auna ƙwarewar matuƙi da ma'aunin wanda aka ɗauko, wato mutumin da bai san komai game da jirgi ba, kuma nauyin kyautar da aka yi masa ya ɗaure masa harshe.

Abin ya fara ne a warwatse. A shekarar 1981 wata matuƙiya mai suna Wanda Whitsitt ta kafa LifeLine Pilots a jihar Illinois. A wannan shekarar kuma Priscilla Blum da Jay Weinberg, waɗanda dukkansu suka yi jinyar ciwon daji suka tashi, suka haɗu da Leonard Greene suka kafa Corporate Angel Network a White Plains ta jihar New York, da nufin cike kujerun da ke tafiya fanko a jiragen manyan kamfanoni da masu wannan ciwo. A 1983 aka kafa ƙungiyar da yanzu ake kira Angel Flight West a Santa Monica ta jihar Kalifoniya, sannan wasu masu irin wannan suna suka ɓulla a Atlanta da Kansas City da Massachusetts, kowace da yankinta da hukumarta. Zuwa 1990 ƙungiyoyin sun yi yawan da aka kafa musu inuwa ɗaya mai suna Air Care Alliance. A 2003 Bill Bristow ya kai tsarin Ostareliya, ƙasar da nisa ya fi na Amurka cizo. Kada a haɗa wannan da likitocin sama na Ostareliya da John Flynn ya assasa a 1928, ko na AMREF da suka fara a Gabashin Afirka a 1957. Waɗancan suna da jiragensu, da matuƙa masu albashi, da ma'aikatan jinya a ciki. Su kuwa waɗannan ƙungiyoyi galibinsu ba su mallaki jirgi ko ɗaya ba. Aikinsu haɗa mai bukata da mai jirgi, kamar dillalin da ba ya karɓar la'ada.

Yadda ake yi ba shi da wuyar fahimta. Mara lafiya, ko danginsa, ko ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta asibiti, su ne ke neman taimakon. Sai likita ya sa hannu cewa mutumin zai iya tafiya da ƙafarsa, zai iya hawa ƙaramin jirgi ya zauna a miƙe na wasu sa'o'i, kuma jikinsa ba zai rikice a hanya ba, domin babu likita a jirgin, babu gado, babu ma makewayi. Daga nan ƙungiyar ta saka tafiyar a jerin ayyukan da matuƙanta ke dubawa, wanda ranar da hanyar suka yi masa daidai ya ɗauka. Tafiya mai nisa ana yanka ta kashi biyu ko uku, kowane kashi kamar kilomita 500, wato abin da ya ɗara tafiyar mota daga Kano zuwa Abuja kaɗan, matuƙi ya miƙa baƙon ga ɗan'uwansa a wani filin. Ana tambayar nauyin kowane fasinja da na jakarsa, ba don rashin kunya ba, don ƙaramin jirgi irin Cessna 182 ko Piper Cherokee yana jin kowane kilo. A ƙasa kuma akwai masu motoci 'yan sa-kai da ke kwaso baƙon daga filin jirgi zuwa ƙofar asibiti. Har kira na musamman hukumar sufurin sama ta Amurka, FAA, ta ware wa irin waɗannan jirage a rediyo, don masu kula da zirga-zirgar sama su san abin da suke ɗauke da shi.

Mai tambaya zai ce, ƙasa mai arziki kamar Amurka, me ya kai mara lafiyarta ga neman alfarmar baƙo? Amsar tana cikin yadda magani ya taru a wurare kaɗan. Asibitin Mayo yana Rochester, wani matsakaicin gari a Minnesota. Cibiyar MD Anderson ta ciwon daji tana Houston. Asibitin St. Jude na yara yana Memphis. Wanda ciwonsa ya gagari likitocin garinsu, ko yake son shiga gwajin sabon magani, dole ya je inda ƙwararrun suke, kuma ba zuwa ɗaya ba ne. Maganin ciwon daji zagaye-zagaye ake yinsa, wani duk sati uku, har tsawon watanni. Inshorar lafiya kan biya kuɗin magani, amma tikitin jirgi da masauki da ranakun aikin da aka rasa yawanci suna kan mara lafiya. Ga shi kuma asibitocin karkara fiye da 100 sun rufe ko sun daina kwantar da majinyata a ƙasar tun daga 2010. Duk wanda ya taɓa ganin iyali sun tara kuɗin magani amma kuɗin motar zuwa asibitin Shika ya gagare su ya san cewa nisa wani ɓangare ne na ciwon. Mutum ya fasa zuwa sau ɗaya, ya jinkirta na biyu, sai cutar ta ci ƙarfinsa, kuma ba za a taɓa rubuta a takardar mutuwarsa cewa hanya ce ta kashe shi ba. Wannan ramin ne matuƙan sa-kai suke cikewa, kuma wanda zai soki aikinsu sai ya fara faɗin abin da zai sa a gurbinsa.

Suka ta farko da ake yi mai sauƙi ce: wai masu kuɗi ne da ke son tashi sama suka samo dalilin da zai wanke su, ga kuma rangwamen haraji, tunda dokar Amurka ta yarda a cire kuɗin man da aka kashe a aikin agaji daga abin da za a biya wa haraji. Gaskiya ne, yawancinsu suna son tuƙin, kuma ba sa ɓoyewa. Amma rangwamen wani kaso ne kawai na abin da suka kashe, kowace tafiya kuwa tana cin ɗaruruwan daloli, wani lokaci fiye. Sannan son tuƙin ba aibi ba ne a nan, shi ne ma ke sa aikin ya ɗore, domin sadakar da mai yinta ke jin daɗinta ta fi daɗewa a kan wadda ake yi ana cije baki. Matuƙin da ke tashi a kai a kai kuma hannunsa ya fi faɗawa a kan wanda ya ajiye jirgi yana shan ƙura. Yaron da aka kai Boston gyaran ƙuna bai damu da abin da ke zuciyar matuƙi ba. Wannan suka ba ta da nauyin da za a daɗe a kanta.

Suka ta biyu ita ce mai haƙori. Daga Satumban 2007 zuwa Agustan 2008, jirage huɗu da ke irin wannan aiki suka faɗi a Amurka, a Ohio da Iowa da Florida da Massachusetts, kuma kowanne ya ci rai. A 2010 hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar, NTSB, ta rubuta wa Air Care Alliance shawarwari uku: a riƙa tabbatar da cewa matuƙi ya cika sharuɗɗan sabunta ƙwarewarsa kafin kowace tafiya, a gaya wa fasinja ƙarara cewa wannan tafiya ba ta ƙarƙashin ƙa'idojin jiragen haya, a kuma koya wa matuƙa gane matsin da suke ɗora wa kansu. A Ostareliya, cikin Agustan 2011, wani jirgin Piper da ke mayar da wata yarinya da mahaifiyarta gida daga Melbourne ya faɗi kusa da Horsham bayan duhu da gajimare sun rufe matuƙin. A Yunin 2017 wani jirgin ya tashi daga Mount Gambier zuwa Adelaide cikin hazo, ya faɗi jim kaɗan bayan barin ƙasa, shi ma da uwa da 'yarta. Mutum uku-uku suka rasu a haɗurran biyu. A 2019 hukumar binciken Ostareliya, ATSB, ta fitar da rahoton da ya ce yiwuwar haɗari mai kisa a jiragen Angel Flight na ƙasar ta ninka ta sauran jiragen masu zaman kansu fiye da sau bakwai. Ƙungiyar ta yi fatali da lissafin, tana cewa ba a gina hukunci a kan haɗari biyu, kuma a nan tana da hujja, don adadi kaɗan yakan ruɗi mai lissafi. Amma ko an jefar da lambar bakwai ɗin gaba ɗaya, yadda haɗurran biyu suka auku ya isa abin dubawa: duka biyun matuƙan sun shiga yanayin da ba sa ganin ƙasa, alhali ba su da shaidar tuƙi da na'ura.

Wannan batu na na'ura shi ne zuciyar maganar, kuma yana bukatar bayani ga wanda bai taɓa zama a gaban jirgi ba. Lasisin matuƙi mai zaman kansa a Amurka ana iya samunsa da awa 40 na horo, kuma abin da yake ba mutum shi ne tuƙi da ido: yana ganin ƙasa, yana ganin inda sama ta haɗu da ita, da haka yake sanin jirginsa a miƙe yake ko a karkace. Idan gajimare ko hazo ko duhun daji ya ɓoye wannan layi, sai jiki ya fara yi wa mutum ƙarya. Ruwan da ke cikin kunne, wanda ke gaya mana tsaye muke ko kwance, ba ya jin karkata idan a hankali ta zo. Jirgi na iya juyawa yana gangarawa matuƙi yana rantsuwa cewa daidai yake tafiya, in ya ja sitiyari don ya hau sama sai ya ƙara matse da'irar da ke kai shi ƙasa. A 1954 Jami'ar Illinois ta gwada matuƙa 20 marasa horon na'ura, aka rufe musu gani a cikin jirgi, kuma babu ɗaya da jirgin bai kuɓuce masa ba. Matsakaicin lokacin da suka ɗauka shi ne daƙiƙa 178, ƙasa da minti uku. Maganin abin shi ne horo na daban, wanda ke koya wa mutum ya ƙaryata jikinsa ya gaskata allurorin da ke gabansa, kuma horon yana dusashewa idan ba a maimaita shi.

To me zai sa mutum mai hankali, wanda ya san duk wannan, ya tashi cikin hazo? A ranar da yake shi kaɗai yana son zuwa cin abinci a wani gari, in ya ga sama ta haɗe sai ya mayar da jirgi rumfa ya koma gida. Amma yau ga uwa tsaye da 'yarta, sun tashi tun asuba, an ba su ranar ganin likita da suka yi watanni suna jira, suna ta yi masa godiya tun kafin ya yi komai. Tausayin da ya kawo shi filin jirgin shi ne ke tura shi ya ce bari a gwada, wataƙila in an hau sama za a tarar da haske. Ita kuma uwar, ko da ta ga hazon, ko da gabanta ya faɗi, ina bakin da za ta ce wa mai yi mata kyauta ba ta yarda da ƙwarewarsa ba? Bahaushe ya san wannan nauyi, yana kiransa kara, kuma ya san yadda take sa mutum ya haɗiye maganar da ya kamata ya faɗa. Ƙari a kan haka, ta ga ƙungiya mai suna da tambari da ofis da takardun cikewa, don haka ta ɗauka wani ya riga ya tantance mata matuƙin kamar yadda kamfanin jirgi ke yi. A kamfani akwai matuƙa biyu, akwai ofishin da ke duba yanayi, akwai shugaban da zai iya hana tashi. A nan mutum ɗaya ne ke yanke hukunci, kuma shi ne wanda zuciyarsa ta fi karkata ga tafiyar.

A nan ne dokar ta yi ma'auni da abin da bai dace ba. A tsarin Amurka, abin da ke raba tuƙin sha'awa da tuƙin sana'a shi ne kuɗi. Mai lasisin zaman kansa ba ya karɓar lada. In za a biya shi, sai ya yi lasisin kasuwanci mai bukatar awa 250, in kuwa jirgin fasinja na kamfani ne, a ƙa'ida sai awa 1,500. Hikimar ita ce wanda ya biya kuɗi baƙo ne da ya cancanci kariya, wanda kuma ya shiga jirgin abokinsa kyauta ya san wanda ya bi. Mara lafiyar nan ya faɗo a tsakani: bai biya ba, saboda haka doka ta lissafa shi cikin abokai, alhali bai san matuƙin ba ko a hanya. Abin ya ƙara fitowa fili a 2012, lokacin da majalisar dokokin Amurka ta umarci FAA ta bari ƙungiyoyin agaji su riƙa mayar wa matuƙa kuɗin mai. Hukumar ta yarda, amma ta ɗora sharuɗɗa masu tsauri na gogewa da horo a kan duk wanda zai karɓa. Wato da zarar dala ta gilma sai a ɗaga ma'auni, in ba ta gilma ba a bar shi a ƙasa, kamar dai hazo yana tambayar wanda ya biya kuɗin mai.

Masu cewa a bar ƙananan jirage a saya wa marasa lafiya tikitin jirgin haya suna da rabin gaskiya, kuma rabin ba ƙarami ba ne. Jirgin kamfani ya fi ƙaramin jirgi aminci nesa ba kusa ba, kuma ƙididdiga ba ta goyon bayan masu cewa ƙaramin jirgi ya fi mota aminci. ATSB ma ta gano cewa kaso mai yawa na tafiye-tafiyen da ta bincika suna da jirgin haya da ke bin hanyar. Inda haka take, kuma lokaci da jikin mara lafiya suka ba da dama, tikiti ya kamata ya zama zaɓin farko, ko da kuwa hakan zai bar matuƙi ba aiki ranar. Wasu ƙungiyoyin a Amurka suna yin hakan da tikitin da kamfanonin jirage ke ba su kyauta. Rabin da ya rage shi ne filayen nan dubu huɗu da ɗoriya da jirgin haya ba ya zuwa, da mutumin da maganin ciwon daji ya karya masa garkuwar jiki har cunkoson babban filin jirgi ya zama masa haɗari, da wanda sa'o'i tara a mota zuwa da tara dawowa, duk sati uku, za su sa ya haƙura da maganin. Ga waɗannan, ƙaramin jirgi ba ado ba ne.

Daga ɗaya ɓangaren kuma, matuƙan da kansu suna ƙorafin cewa tsaurara sharuɗɗa zai kori 'yan sa-kai, mutanen karkara su rasa hanyar da suke da ita. An ji wannan sosai a Ostareliya a 2019, lokacin da hukumar sufurin sama ta ƙasar, CASA, ta wajabta wa mai lasisin zaman kansa awa 400 kafin ya yi irin wannan aiki, 250 daga ciki yana jagoran jirgi, ta hana tuƙi da ido cikin dare, ta kuma taƙaita fasinja zuwa biyar. Tabbas kowane sharaɗi yana fitar da wasu mutanen kirki, wataƙila har da waɗanda da ba za su taɓa yin haɗari ba. Amma a duba ƙungiyoyin Amurka da suka ɗora wa kansu fiye da abin da doka ta nema, wasu awa 250, wasu 500, da yawa kuma tare da shaidar tuƙi da na'ura: ba su mutu ba, suna nan suna aiki shekaru da dama. Matuƙin da bai kai ba ma ba a rufe masa ƙofa ba, yana iya zama a kujerar dama yana taimakon jagora har awanninsa su cika. Abin da zai fi saurin kashe aikin shi ne likitoci su daina sa hannu, iyaye su daina yarda, kuma haɗari ɗaya da jarida ta buga hoton yarinyar da ke ciki ya isa ya jawo hakan.

Yawan awa ma ba shi kaɗai ba ne, domin akwai masu dubban awanni da suka faɗi saboda sun kasa cewa a'a. Abin da ya fi amfani shi ne a sauƙaƙa wa matuƙi fasa tafiya, a cire masa kunyarta tun kafin ranar ta zo. Shi ya sa ƙungiyoyi da dama suke gaya wa mara lafiya tun a takardar farko cewa ana iya soke tafiyarsa ko da a safiyar ranar, kuma suke neman ya tanadi wata hanyar. In uwar nan ta san akwai mota ko tikitin da ke jiranta, in asibitin ya san zai iya ɗaga ranar ba tare da an mayar da ita bayan layi ba, matuƙin ba ya ɗauke da rayuwar 'yarta a kafaɗarsa lokacin da yake duban gajimare. Bayan shawarwarin 2010, cibiyar kiyaye haɗurra ta ƙungiyar masu jirage da matuƙa ta Amurka, AOPA, ta shirya darasi na musamman a kan wannan matsi, kuma ƙungiyoyi da yawa sun sa shi cikin sharuɗɗan shiga. Abin da ya rage shi ne a ba ofishin da ke haɗa tafiyar ikon da kamfanonin jirage suka ba nasu: ma'aikacin da ke zaune a ƙasa, wanda bai ga fuskar yarinyar ba, ya duba rahoton yanayi da takardun matuƙi, in bai gamsu ba ya soke tafiyar da kansa, ya buga wa uwar waya ya gaya mata ƙarfe nawa motar za ta zo.